Kututturen Lallen Gwaggo Dije

Shekarar da aka kawo ni gidan nan, Kano ce take riƙe da mu, ba a yanke mana Jigawa ba tukuna. Shekarar da na fara shiga garkar lalle kuwa, ita ce wadda rijiyar bayan masallaci ta rufta, muka koma ɗebo ruwa a gindin dutse. Ina goyon 'yata ta fari a lokacin, wadda ba na faɗin sunanta, ga shi yau jikokinta sun isa aike. Ku lissafa da kanku, ni ban iya ba.

Kun zo kun ce in ba ku reshen lalle ku sa a leda, ku jera a bakin titi kamar yadda masu fulawa suke yi. Wata a cikinku ma na ji tana ce wa 'yar'uwarta ai lalle ba ya mutuwa, ko a bayan gida aka jefa shi zai fito. Kunnena bai tsufa kamar ƙafata ba. Zan ba ku, don ba a hana reshe, haka na tarar. Amma ku gyara zama tukuna, ku ji abin da kuke roƙo.

Wadda ta koya mini Gwaggo Dije ce, ƙanwar mahaifin maigidana. Garkarta tana bakin fadama, inda dutse ya kare ta daga iskar gabas. Ranar da ta fara kai ni, ba ta ba ni adda ba, tulu ta ba ni. Damina guda ina kallon hannunta kawai. Sai a ta biyu ta zaunar da ni a gaban damin rassa ta ce in zaɓa. Na zaɓo masu kyan gani, kore shar, masu taushi. Ta karɓa ta miƙa wa akuyar maƙwabta ta kan shinge. Wanda ake so shi ne wanda ya yi itace, kaurinsa kamar ɗan yatsa, tsawonsa kamu ɗaya. A yanke gindinsa a karkace, a tsoma bakin yankan a toka saboda gara, a binne rabinsa, a danne ƙasar da diddige har sai in kin ja shi da yatsu biyu bai motsa ba. Kuma ki san kansa da gindinsa. Akwai wata maƙwabciyarmu da ta shuka layi guda kai a ƙasa, ta yi ta yi masa ban ruwa har kaka, tana cewa wani ya yi mata baki.

Addar Gwaggo gajeriya ce, wani maƙeri a kasuwar Kazaure ya ƙera mata, mariƙinta ya yi santsi saboda hannu. Ita ce wadda kuka saba gani jingine a bayan ƙofa. Akwai lauje na yankan ganye, akwai dutsen washi da yake zaune a gindin tsamiya, ba ya zuwa gida. Kafin a taɓa lalle sai an wasa adda har ta iya aske gashin hannu. Dakusasshiyar adda ba ta yanka, tsagawa take yi, kuma duk inda ta tsaga nan ruwa zai kwanta, nan gara za ta shiga.

Babban aikin bayan kaka yake. In an gama ɗibar ganyen ƙarshe, sai a bi layi a sare lallen gaba ɗayansa. Ba rage shi ake yi ba, a'a, sare shi. Taƙi ɗaya za ki bari daga ƙasa, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in kin buɗe hannu. Sara ɗaya, a karkace. Ranar da na fara ganin Gwaggo tana yi, na ɗauka tsufa ne ya taɓa mata kai. Abin da jiya ya kai mini kafaɗa, yau ya koma kututture. A zuba masa toka, a tara masa ƙasa, a tafi a bar shi. Duk rani haka zai zauna, baƙi ƙirin, a ƙeƙashe, wanda bai sani ba zai rantse ya mutu. Sai hadari ya fara haɗuwa, tun kafin ruwa ya sauka sosai, ki ga wasu jajayen idanu sun fito a jikinsa. In kika ji tausayinsa kika ƙi sara, zai yi tsawo ya bar ki a ƙasa, gindinsa ya zama fayau kamar ƙafar shamuwa, ganyen ya yi faɗi ya daina kamawa a hannu, daga nan ya fara mutuwa daga sama.

Ganye da fure kuma ba sa tafiya tare. Ganyen da aka yanka kafin lalle ya yi fure shi ne mai kamawa. In ya yi fure, ƙarfin ya tafi can. Saboda haka layukan da suke jikin dutse Gwaggo take bari su yi fure, sauran na ganye ne. Furen ƙanana ne, fari mai ɗan ruwan ƙwai, ba shi da wani kyan da za ki tsaya kallo. Amma bayan la'asar in iska ta juyo, har masu wucewa a hanyar Roni suna ɗaga hanci. Masu haɗa turaren wuta da humra su ne manyan masu sayensa. Akwai tsofaffi maza da suke aikowa ranar Juma'a a ba su ɗan kaɗan su sa a aljihun riga. Akwai wata tsohuwa da take sa shi a ƙarƙashin matashi, ta ce in babu shi barci ba ya zuwa.

Shanya ma aiki ce. A inuwa ake yi, a zaure ko a rumfa, a kan tabarma, ana juyawa. Rana tana ƙona shi ya yi ja, ruwa ya taɓa shi ya yi baƙi. Sai a kakkaɓe ganyen daga tsinke, a daka, a tankaɗe da rariya, a sake daka tsakin. In kika yi yini kina daka, majinarki ma kore take fitowa. Ku dubi tafin hannuna. Ban tuna ranar da na gan shi fari ba.

Masu ƙunshi ba a yi musu wayo. Mace za ta zo kasuwa ta ɗebi ɗan kaɗan, ta jiƙa da yawu, ta murza a tafin hannu, ta dunƙule, ta tafi ta yi cefanenta. In ta gama ta buɗe hannun ta duba. A nan ake gane wadda ta haɗa da garin wani ganye. Namu ƙaramin ganye gare shi, tsinkensa ja, kuma in ya kama hannu yana yin ja mai duhu kamar cikin goro. A kasuwar Babura 'yan Nijar sukan zo da sefarsu, ba sa ma murzawa, shinshinawa kawai suke yi su ce na Kazaure ne, na tsohuwar nan. Bayan Gwaggo ta rasu, ni na zama tsohuwar nan, tun gashina bai yi fari ba.

Abu ɗaya ne ba a sayarwa, shi ne reshe. Gari a saya, fure a saya, amma duk wadda ta ce a sam mata reshe ta shuka, Gwaggo za ta ba ta, ko da kuwa ba sa ga maciji... to, ko da ba sa gaisawa. Ba ma ajiye iri, don furen muna sayar da shi tun kafin ya yi 'ya'ya, kuma Gwaggo ta ce wanda aka shuka da iri ba lallai ya biyo uwarsa ba. Reshe kaɗai ne yake fitar da shi sak. Ban taɓa tambayarta dalilin kyautar ba. Na ga tana yi, na ci gaba.

Muguwar shekarar ita ce wadda Innata ta rasu a Gwiwa. Da bazara ne. Na riga na sare lallena tun bayan kaka, na yi masa toka, babu abin da yake nema a wurina sai ruwan sama. Na tafi jinya, jinya ta koma zaman makoki, ban dawo ba sai da aka yi sadakar arba'in. Malam, maigidana, yana can ƙetaren iyaka da kayan fatauci. A tsakanin nan ne ƙaninsa Ɗanlami ya dawo daga Kurmi da iyalinsa. Tun yana saurayi ya tafi. Lallen da ya sani shi ne wanda yake tsaye kore a jikin shinge, bai taɓa ganin sararre ba. Ya dawo da abin hannunsa, ya sayi shanun huɗa da garma, duk unguwa ana zuwa kallo.

Kun san ƙanin miji. Tun ina amarya ba ya kirana sai matata, ni kuma ina ce masa mijin wahala. Ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba.

Na iso gida bayan azahar, ƙafata duk ƙura. Matarsa Talatu ta kawo mini tuwon dawa da miyar kuka. Na kai loma ta farko, sai hayaƙin murhu ya biyo iska ya same ni. Na san warin ƙirya, na san na marke, na san na kara. Wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ne, amma hancina ya san shi. Na tashi da lomar a hannu na leƙa madafa. A gefen murhu ga tarin kututture da saiwoyinsu, an faskara wasu, cikinsu ja-ja. A kan kowane ɗaya ga sarana a karkace.

Ina tsaye a nan ya shigo, yana washe baki.

"Matata, sannu da hanya, ya ƙarin haƙuri? Kin ga aikin miji na gaske ko? Duk mataccen itacen nan da wancan tsohon naki ya bar miki a garka, na sa diga na tumɓuke shi tas. Da an yi ruwa zan sa miki garma, ki shuka gyaɗa ki huta."

Na ce, "Ɗanlami, da me aka dafa tuwon nan?"

Ya ce da shi mana, ai itace ne mai kyau, ci yake yi kamar an zuba masa mai. Talatu ce ta fara ganewa, don ta ga fuskata. Na mayar da lomar cikin kwano, na ɗauki mayafina na nufi fadama.

Ramuka ne a jere. Aikin ya yi shi da kyau, ban da abin cewa, ko guntun saiwa bai bari ba. Har layukan jikin dutse, waɗanda Gwaggo ta ce ita ma tarar da su ta yi. Na dawo na zauna a gaban tarin da ya rage, ina ɗauka ɗaya bayan ɗaya ina kankarewa da farce ko zan ga ɗanye. Sun daɗe a rana. Duk da haka na zaɓi waɗanda ba a faskara ba na mayar cikin ramukan, na yi musu ban ruwa safe da yamma. Aka yi ruwan shuka, gero ya fito a gonakin mutane, ciyawa ta rufe garkar, kututturen suna nan yadda na sa su.

Garin da na ajiye a tukunya ya ƙare. Masu ƙunshi suka zo na ce babu. Wata ta ce in sayo na wasu a Kano in zuba a ƙwaryata mana, wa zai sani? Na ce hannun amarya zai sani. Ɗanlami kuwa ya daina shigowa tsakar gida in ina nan. In muka yi kiciɓis a zaure sai ya durƙusa ya ce, "Yaya, ina kwana," kamar wani baƙo. Malam da ya dawo ya yi masa faɗa, amma faɗa ba ya toho.

Abin da ya rage shi ne in bi gidajen da na ba reshe, kuma in yi sauri, don in marka ta wuce, reshe ba zai sami ruwan da zai kama ba. Na fara da cikin gari. Gidan farko sun shuka shi a bakin magudanar wanki, ruwan sabulu ya kashe shi tun shekarar. Na je Roni wurin wata da na ba ta dami guda lokacin bikin 'yarta. Ta ce ai ya girma sosai, sai da maigidan ya tashi ƙara ɗaki aka cire shi. A Yankwashi wata Bafulatana ta nuna mini wurin da yake, gara ta mayar da shi ƙasa. Wata kuma ta kai ni gaban lalle kore shar ta ce ga nawa nan. Na tsinki ganyen na duba, faffaɗa ne, tsinken fari. Na ce mata wannan ba namu ba ne. Ta ji haushi ta ce lalle ai lalle ne. Na yi mata sallama.

Sai na tuna da wata Babarbariya a kasuwar Babura, shekaru da yawa baya, wadda ta roƙe ni reshe na kawo mata a kasuwa ta gaba. Na tuna ta ne don ta jiƙa bakin zanenta a randar mai fura ta naɗe shi a ciki, kamar jariri. Sunanta kawai na riƙe, Ya Falmata, da cewa mijinta kanwa yake sayarwa. Malam ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba, ya sa Ɗanlami ya raka ni. Muka shiga motar 'yan kasuwa, shi a baya ni a gaba, har muka sauka. Addar tana cikin buhu a hannuna.

Masu kanwa suka ce mijin ya rasu, suka kwatanta mana unguwar. Muna cikin lungu Ɗanlami yana neman wanda zai tambaya, na ce masa ya bari. Iska ta riga ta kawo mini ƙamshin furen lallen. Na bi hancina har ƙofar gidan.

Ya fi katangar gidan tsawo. Tunda ta shuka shi ƙarfe bai taɓa shi ba. Sama fure ne fal, ƙasa kuwa sanduna ne tsirara, kaurinsu ya kai damtse. Gara ta hau gefe ɗaya da ƙasarta, rabin rassan sun bushe. An share gindinsa tas, ga tabarma a shimfiɗe. Na tsinki ganye ɗaya. Ƙarami, tsinkensa ja.

Ya Falmata ta gane ni, ta kawo ruwa, muka gaisa, na yi mata ta'aziyya ta yi mini. Ta ce a nan gindin marigayi yake zama in ya dawo kasuwa, shi ya sa ba ta bari ko yara su karya masa tsinke. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta tashi da sauri ta fara karyo mini kan rassan, masu taushi, masu fure. Na ce mata waɗannan ba sa kamawa. Itacen da yake da rai yana cikin manyan sandunan nan, kuma ba yadda za a ɗebe shi sai an kwantar da lallen gaba ɗaya. Na nuna mata da hannu inda za a sara. Ta kalli hannuna, ta kalli saman katanga, ta koma ta zauna.

Ban ɓoye mata komai ba. Na ce yadda yake ɗin nan ma mutuwa yake yi a hankali, na nuna mata garar. Na kuma ce ba lokacin sara ba ne. Bayan kaka ake yi, ƙasa a bushe. Ban taɓa sare lalle da damina ba, ban ga Gwaggo ta yi ba, ruwa zai iya shiga yankan ya ruɓar da shi. In kuma na jira kaka, rassan ba za su kama a wurina ba.

Ta ce, "To in ya mutu fa?"

Na ce, "In ya mutu, na kashe miki naki kamar yadda aka kashe mini nawa. Kuma ba ni da abin da zan ba ki a madadinsa, sai in wanda na ɗauka ya kama."

Ta sake ɗaga kai ta dubi lallen. Ɗanlami yana tsugune a bakin ƙofa, don ta ce ya shigo. Sai ya yi gyaran murya, ya ce mata shi ne ya tumɓuke, ya faɗa mata yadda aka yi tun daga diga har murhu, bai rage komai ba. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne ka ci tuwo da shi?"

Ya ce shi ne.

"Ya yi daɗi dai ko?"

Ya sunkuyar da kai. Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi biyu. A bari ta tsinke furen tukuna, kuma ba za a sara tana cikin gidan ba. Muka tsinke shi tare, Ɗanlami yana janyo mana rassan sama, har muka cika faifai da ƙwarya. Ta ɗauki tabarmar ta naɗe, ta shiga maƙwabta.

Na wasa addar a jikin dutsen niƙanta. Da na gwada sandar farko da ido, na san ƙarfina ba zai raba ta da sara ɗaya ba, kuma sara biyu tsagawa ne. Na miƙa wa Ɗanlami. Na durƙusa na kafa babban yatsana a ƙasa, na buɗe hannu a jikin itacen, na ce ya sara a saman na tsakiya, a karkace, kan addar ya kalli ƙasa. Ya ɗaga addar, ya dubi yatsuna, ya sauke ta.

Ya ce, "Yaya, ɗauke hannunki."

Na ce, "Yau kuma na zama Yaya? Da ka tashi tumɓukewa ai matarka ce ni. Sara, mijin wahala. In na ɗauke hannun, a gwiwa za ka yanka."

Ya sara. Na ji iskar addar a kan farcena. Yankan ya fita sumul kamar an yanka kabewa. Haka muka bi sandunan duka, hannuna a jiki, shi yana sara. Na kankare garar, na kwaɓa toka da laka na shafe kowane baki, na samo fasasshiyar tukunya a bayan madafa na kifa a kai saboda ruwa. Muka yayyanka rassan kamu-kamu, muka naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Da Ya Falmata ta dawo, ba ta kalli wurin ba. Ta raka mu ƙofa ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Direba ya ce a ɗora buhun a saman mota, na ce sai dai a ɗora ni tare da shi. A cinyata ya zo Kazaure. Ba mu biya gida ba, garka muka wuce, Talatu ta same mu da toka, muka shuka kafin magariba. Ɗanlami yana haƙa, ina sawa, ina dannewa.

Waɗanda suka kama ba su kai rabi ba. Itacen ya tsufa da yawa. Wasu suka yi toho suka koma, wasu gara ta ci. Amma waɗanda suka tsaya sun tsaya. Damina biyu ban yanki ganye ɗaya na sayarwa ba, duk reshen da ya fito shukawa nake yi. Masu saye suka koma wurin wasu, da yawa ba su dawo ba har yau. Garkar ba ta sake cika kamar ta Gwaggo ba.

Daga Babura kuwa shiru. Ban je kasuwar ba, don ba ni da abin kaiwa, kuma ba ni da fuskar tambaya. Sai da aka fara yankan geron shekarar da muka je, wani mai kanwa ya yi sallama a ƙofa, ya ce wata Babarbariya ta ba shi saƙo. Ɗan ƙullin tsumma ne a jiƙe. Na kwance, sabon toho ne, bai kai yatsa ba, ganyensa ƙanana, tsinkensa ja. Na tambaye shi ko ta ce wani abu. Ya ce cewa ta yi a tambaye ni yaushe ake sara na gaba.

To kun ji abin da ba ya mutuwa.

Yanzu amare dayis suke so, da lallen kanti da ake matsowa kamar man goge baki. Masu humra ma turaren kwalba suke zubawa. Gidaje sun ci bakin fadamar, layukan jikin dutse kaɗai suka rage mini. Kafaɗar nan ta daina ɗaga adda. Bara 'ya'yana suka ɗauko ɗan ƙwadago, ya sare shi a gwiwa da dakusasshiyar adda, duk ya tsattsage, na yi ta bi da laka ina toshewa. Bana ga kaka ta wuce, yana nan a tsaye bai sami sara ba. Wadda take son reshe a cikinku, garka za ta same ni, kuma ba leda za ta riƙo ba.

Gwaggo Dije ta tafi, Malam ya tafi. Talatu da ta hura wutar ta tafi. Maƙerin addar ban ma san lokacin da ya rasu ba. Ya Falmata ta rasu shekarar da aka kawo mana famfo, an ce lallenta yana nan, surukarta ba ta bari a taɓa shi, ya sake wuce katanga. A cikin waɗanda suka san inda ake sa adda, saura ni, saura Ɗanlami. Yana can zaure, idonsa ya tafi, sai an ja shi zuwa masallaci.

Jiya na kai masa kunu na ce masa lalle bai sami sara ba bana. Ya ce in sa a kai shi, in kafa hannuna kamar na Babura, ya lalubi yatsana ya sara a samansa. Na ce makaho da adda, a kan yatsuna?

Ya ce, "To matata, wa kike da shi?"

Na ɗauki ƙoƙon kunun na fito. Na dai sa an kai addar gindin tsamiya, wurin dutsen washi.